Rabin Alkyabba da Fitilun Takarda: Ranar Waliyyi Martin a Jamus

A watan Nuwamba rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar a yankin kogin Rayin na yammacin Jamus. Kana fitowa daga wurin aiki za ka tarar gari ya yi duhu kamar bayan isha'i, ga yayyafi mai ratsa ƙashi, ga ganyen itatuwa ya zube ya manne da kwalta. A irin wannan yammaci ne, shekarar da 'yata ta shiga makarantar renon yara a wata unguwa da ke gefen birnin Bon, na tsaya a bakin titi cikin ɗaruruwan iyaye, kowa riƙe da hannun ɗansa, kowane yaro kuma riƙe da 'yar sanda, fitilar takarda tana reto a bakinta. 'Yan sanda sun tare hanya. Can gaba ga farin doki, a kansa wani ƙato sanye da kwalkwali irin na sojojin Rum, ya yafa jar alkyabba har ta rufe kuturin dokin. 'Yan badujala na biye da shi, yara na biye da su aji-aji, suna rera waƙoƙin da suka yi makonni suna bita.

Fitilar 'yata da hannunta ta yi ta. Tun ƙarshen Oktoba malamarsu ta aiko a kawo kwalin cuku mai zagaye, aka manna masa takarda shara-shara, aka yanka kunnuwa da hanci, ta fito da siffar bushiya, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Haka ta riƙe ta kamar ƙwai har muka isa filin ƙwallon unguwa, inda aka tara itace aka cinna gagarumar wuta, 'yan kwana-kwana sun kewaye ta. A gefen wutar wani mutum yana zaune a ƙasa cikin tsummoki yana rawar ɗari. Mai dokin ya tsaya a kansa, ya zare takobi, ya raba alkyabbar biyu, ya miƙa masa rabi. Wuri ya yi tsit, duk yawan yaran nan ba ka jin komai sai ƙarar itace a cikin wuta. Daga nan aka ba kowane yaro burodi mai zaƙi da aka yi da siffar mutum, idanunsa zabibi, yana rungume da farin lofe na yumɓu. Mutanen yankin suna kiransa Weckmann.

Wannan shi ne bikin Waliyyi Martin. Ranarsa 11 ga Nuwamba ce, ko da yake ba a hutun aiki, kuma unguwanni kan yi nasu jerin gwanon 'yan kwanaki kafin ranar ko bayanta. Bara wani ƙanena a zumunci, wanda bai daɗe da kawo iyalinsa ƙasar ba, ya kira ni, muryarsa da damuwa: "Yaya, wannan abu na fitila da makaranta ta ce a kai yara, ibada ce ko wasa?" Tambayar ta fi ƙarfin amsar waya, domin abin da yaran ke ɗauke da shi a kan sanda gado ne na zamunna daban-daban da suka hau kan juna. Akwai labarin wani soja a ciki, akwai lissafin gonar manoman Turai, akwai azumin da aka daina yi, akwai kuma yunwar 'ya'yan talakawa.

Shi dai Martin ba Bajamushe ba ne. An haife shi a ƙarni na 4, akasarin littattafai suna cewa 316, a garin da yanzu ake kira Szombathely a ƙasar Hangari, ya girma a Pavia ta arewacin Italiya. Mahaifinsa hafsa ne a rundunar daular Rum, doka kuma ta wajabta wa 'ya'yan tsofaffin sojoji su gaji aikin, sai aka sa shi cikin mahaya yana ɗan shekara 15. Kusan duk abin da aka sani game da shi daga alƙalamin Sulpicius Severus ya fito, wani masani da ya je ya zauna da shi, ya rubuta tarihinsa tun yana da rai.

Sulpicius ya ce a tsakiyar wani hunturu da ya fi na kullum tsanani, har sanyi yana kashe mutane, Martin ya iske wani matalauci tsirara a ƙofar birnin Amiens, a arewacin Faransa ta yau. Mutumin yana roƙon masu wucewa, kowa na kau da kai. Martin ba shi da komai sai makamansa da alkyabbar da ke jikinsa, don sauran kayansa ya riga ya rabar. Sai ya zare takobi ya tsaga ta biyu, ya ba shi rabi, ya lulluɓa da rabi. Wasu daga cikin na tsaye suka kwashe da dariya ganin soja cikin guntun mayafi. Wasu kuma kunya ta kama su, don sun fi shi abin bayarwa, da sun so da sun suturta mutumin ba tare da sun tuɓe komai ba.

Ka lura, babu doki a wannan labari. Masu zane na ƙarnukan baya ne suka ɗora Martin a kan doki, jerin gwanon yau kuma ya gaji zanen. Dokin yana ƙawata wasan, yara suna son sa ƙwarai, amma ya sauya wani abu: mai bayarwa yana can sama, mai karɓa yana ƙasa, tsakaninsu tsawon doki. A labarin asali kuwa matashi ne da bai kai ashirin ba, wanda kyautarsa ta bar shi cikin sanyi, ta kuma jawo masa dariyar mutane. Ban taɓa ganin an nuna wannan dariyar a filin wuta ba, alhali a ganina nan gishirin labarin yake, domin sau da yawa tsoron a gan mu wani iri ne ke hana mu tsayawa a kan mabuƙaci a bainar jama'a, ko da kuwa muna da abin bayarwa. Yaro mai wayo kan tambaya me ya sa rabi kawai. Iyaye a Jamus sai su ce rabin kayan soja na gwamnati ne, nasa rabin ya bayar gaba ɗaya. Amsa ce mai daɗin ji, sai dai Sulpicius bai faɗe ta ba. Abin da ke fili shi ne, shi ma ɗan Adam ne a cikin sanyin da ke kisa, ya raba abin da ba shi da na biyunsa.

A daren, in ji Sulpicius, Martin ya yi mafarki da Yesu sanye da rabin alkyabbar, yana gaya wa mala'iku cewa Martin ne ya suturta shi, alhali ko baftisma bai yi ba tukuna. Mafarkin yana komawa ga Linjilar Matiyu, sura ta 25, inda aka ce abin da ka yi wa mafi ƙanƙantar mutane, ni ka yi wa. Wannan ma'ana ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Akwai hadisi ƙudusi a Sahihu Muslim inda Allah zai ce wa ɗan Adam ranar alƙiyama ya nemi abinci a wurinsa bai ciyar da shi ba, bawa ya ce ta yaya, a ce masa bawana wane ya roƙe ka ka hana shi. Addinan biyu sun sha bamban a kan matsayin Annabi Isa, amma a kan haƙƙin mabuƙaci a gaban Ubangiji sun yi kusa.

Daga baya Martin ya bar soja ya shiga rayuwar zuhudu, a 371 kuma mutanen birnin Tours suka mai da shi bishop ɗinsu, wato shugaban cocin yankin. Ya rasu ranar 8 ga Nuwamba 397 a ƙauyen Candes, aka ɗauko gawarsa a jirgin ruwa ta kogin Loire, aka binne shi a Tours ranar 11. Ranar jana'izar ce ta zama ranar bikinsa. Abin da ya kai sunansa Jamus kuwa sarauta ce. Sarakunan ƙabilar Faranka, waɗanda daularsu ta haɗa Faransa da yammacin Jamus na yau, sun ɗauke shi majiɓincin gidansu tun zamanin sarkinsu Clovis. Sun ajiye wata alkyabba da suka yi imani tasa ce, suna rantsar da mutane a kanta, suna tafiya da ita yaƙi. Da Latin sunan alkyabbar cappa, ɗakin ajiyarta cappella, daga nan Jamusanci ya sami kalmar Kapelle, wato ƙaramin ɗakin ibada. Duk inda mulkin Faranka ya kai sai ka ga cocin Martin. Babban cocin Mainz sunansa ke kai, haka ma wata tsohuwar majami'a da hasumiyarta ke kallon kogi a Kolon.

Idan yara suna da fitila, manya suna da gasasshiyar dinya, wato tsuntsuwar gidan nan mai dogon wuya da ta ninka agwagwa girma. Ana cusa mata tuffa da albasa da ganyen ƙamshi a ciki, ta yi awa uku ko huɗu a tanderu, a kawo ta da jan kabeji da dunƙulen dankali. Daga ranar Martin har Kirsimeti gidajen abinci kan cika da masu cinta. Ka tambayi kowa dalili, labari ɗaya zai ba ka: wai da aka zo naɗa Martin bishop, tawali'u ya sa ya gudu ya ɓuya a akurkin dinya, su kuma suka yi ta kuka har suka tona masa asiri, shi ne ake yanka su duk shekara. Sulpicius, wanda ya san mutumin ido da ido, wani abu dabam ya kawo. Ya ce wani ɗan garin ne ya yi masa dabara da cewa matarsa ba ta da lafiya, ya fito zai je dubiya, ya tarar jama'a sun yi dafifi a hanya suna jiransa. Labarin akurki sai bayan ƙarnuka ya ɓulla, lokacin da an riga an saba cin dinyar ana neman dalilin da za a jingina mata.

Asalin abin a gona yake. A Turai ta da, 11 ga Nuwamba ita ce ƙarshen shekarar manomi. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, dabbobi sun dawo daga makiyaya. Ranar lissafi ce: mai aron gona ya kai wa mai ƙasa gallarsa, a ba coci ushirinta, wanda ake bi bashi ya biya, barorin gona maza da mata a ba su ladan shekara, wanda za a riƙe a riƙe shi, wanda za a sallama ya ɗaure ƙunshinsa ya nemi wani ubangida. Talaka ba shi da tsabar kuɗi, da abin da ya kiwata yake biya, dinya kuwa a lokacin ta yi ƙiba bayan ta gama kalar hatsi a gonaki. Ga kuma lissafin hunturu: duk bakin da za a ciyar har sanyi ya wuce nauyi ne, saboda haka ana rage garke a bar na iri. Ke nan dinyar da ke kan teburin mai ƙasa, sau da yawa daga gidan wanda ba zai ɗanɗana ta ba ta fito.

Sai azumi ya ƙara wa abin ƙarfi. Tun ƙarni na 5 wani bishop na Tours, Perpetuus, ya kafa azumin kwana uku a mako daga ranar Martin zuwa Kirsimeti, al'adar ta bazu har aka riƙa kiranta azumin arba'in na Martin. Azumin nasu na ƙaurace wa nama da maiƙo ne, don haka daren Martin ya zama damar ƙarshe ta cin mai kitse. Wannan na cikin dalilan da ake bayarwa na yadda mutanen Kolon da Dusaldof da Mainz ke buɗe kakar bikinsu na Karneval, na raye-raye da shigar ban dariya, a wannan rana, ƙarfe 11 da minti 11 na safe. Azumin ya shuɗe, dinyar ta zauna. Mafi yawan waɗanda ake ci a Jamus yanzu daga Poland da Hangari ake shigo da su, kuma duk shekara masu kare haƙƙin dabbobi kan tayar da maganar ɗura wa tsuntsayen abinci da ƙarfi, abin da Jamus ta hana amma Hangari ba ta hana ba.

Ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ke biyo bayan wuta. Yara kan kasu rukuni-rukuni su bi gida-gida da fitilunsu, su danna ƙararrawa, su yi waƙa, a zuba musu alewa da cakulan da lemo a jaka. A Bon ana ce wa wannan Schnörzen, a Dusaldof Gripschen, gidan da ya ƙi buɗewa kuma akwai baitin da ake yi masa na kiran mai gidan marowaci. Duk wanda ya yi tashe a watan azumi zai gane tsarin nan take, har da damar da al'ada ke ba yaro a daren ya faɗa wa babba abin da ba zai iya faɗa masa da rana ba. Amma a da ba alewa ake nema ba. A yankin Ostfriesland na gaɓar tekun arewa, lokacin Martin ne ake sallamar 'yan ƙodagon gona su shiga hunturu babu aiki, sai 'ya'yansu su zaga gidajen manyan manoma da attajirai suna waƙa, ana ba su abin da za a ajiye a ci a hankali. Waƙar ce ta mai da roƙo al'ada, ta rufa wa iyaye asiri. Da rana mai ƙasa ya karɓi galla, da dare 'ya'yan talakawa suna ƙofarsa, sunan Martin yana bakinsu. Da wuya a sami hanyar tuna wa mai hali haƙƙin maƙwabci da ta haɗa ladabi da kaifi kamar wannan.

Jerin gwano mai tsari irin wanda na gani a Bon kuwa bai tsufa sosai ba. Har cikin ƙarni na 19, daren Martin a ƙauyukan Rayin na samari ne: su tara itace, kowace unguwa ta cinna wutarta, a yi gasar wadda ta fi girma, wani lokaci har a ba hamata iska. Fitilunsu na wata ƙatuwar saiwa ce da ake noma wa shanu, a rarake cikinta, a huda mata ido da baki, a sa kyandir. Malaman makaranta da limaman coci da dattawan gari suka ga abin yana wuce gona da iri, maimakon su hana sai suka karɓe shi. Suka kafa kwamitoci, suka jera yara aji-aji, suka sa mai doki a gaba, suka tara kuɗi a gari domin kowane yaro ya sami jakar kayan zaƙi iri ɗaya, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Garuruwa irin su Dülken da Kempen, kusa da iyakar Holan, suna cikin na farko, kuma har gobe na Kempen yana cikin mafi girma, dubban ɗalibai da fitilun da aka yi makonni ana ƙerawa. A 2018 jihar Nordrhein-Westfalen ta sa wannan al'ada cikin kundinta na gadon gargajiya. Kwamitocin har yanzu na sa-kai ne. Su ne ke buga maka ƙofa da gwangwanin karɓar taimako, su ne ke neman doki mai haƙurin da ganga da wuta ba sa firgita shi.

Kiristoci 'yan Furotesta, saɓanin 'yan Katolika, ba sa roƙon waliyyai, amma bikin ya rayu a yankunansu saboda sa'ar suna. An haifi Martin Luther, jagoran gyaran coci, ranar 10 ga Nuwamba 1483 a Eisleben, washegari aka yi masa baftisma aka raɗa masa sunan waliyyin ranar. Sai mabiyansa suka ci gaba da kunna fitila ranar 10, suka ce ta Luther ce. A Erfurt, inda ya yi karatu, Katolika da Furotesta kan taru a dandalin babban coci a yammacin ranar su tuna da Martin ɗin biyu tare. A wasu sassan arewa kuma yawon fitila na kaka ya daɗe yana gudana ba tare da an ambaci kowane Martin ba.

Sai kuma rigimar zamani. Tun wajajen 2022 mambobin manyan coci biyu na Jamus, Katolika da Furotesta, sun gaza rabin al'umma, Musulmi kuma sun haura miliyan 5. A ajin 'yata akwai 'ya'yan Turkawa da Siriyawa da 'yan Poland, da waɗanda iyayensu ba sa bin kowane addini. Wasu makarantu suka fara kiran taron bikin fitilu ko bikin haske. A 2013 ƙura ta tashi lokacin da Rüdiger Sagel, jagoran jam'iyyar Die Linke a Nordrhein-Westfalen, ya ce bai kamata a ɗora wa yaran da ba Kirista ba al'adar Kirista a makarantun reno ba, gara a mai da shi bikin rana da wata da taurari. Cikin waɗanda suka ƙi wannan shawara har da Aiman Mazyek, shugaban majalisar tsakiya ta Musulmin Jamus a lokacin, wanda ya ce rayuwar Martin abin koyi ce har ga Musulmi.

Ni ma ra'ayina ke nan. Masu cire sunan da kyakkyawar niyya suke yi, amma ƙurar a kanmu take sauka: washegari maƙwabci zai karanta cewa an soke Martin saboda Musulmi, alhali galibi ba mu muka nema ba, masu ƙin baƙi kuma su sami abin yaɗawa. Ban da haka ma, idan aka cire labarin me ya rage? Yara suna yawo da haske a cikin duhu, abin sha'awa ne, amma babu matalauci a bakin ƙofa, babu wanda ya kau da kai, babu wanda ya tsaya. Ɗan shekara huɗu ba ya gane kalmar tausayi, amma yana gane mutum yana rawar ɗari an yafa masa mayafi. Abin da na gaya wa ƙanena shi ne, tushen bikin na Kirista ne, kada kowa ya ɓoye masa wannan. Idan coci ce ta shirya, akan fara da addu'a a cikinta, idan kuwa makarantar gwamnati ce, galibi daga harabarta ake tashi. Ya tambaya, ya auna, shi ne uban 'ya'yansa. Ni dai na kai tawa, da muka dawo gida kuma na ba ta labarin mutanen Madina da suka karɓi Muhajirai. Ta ce, "Baba, su ma rabi suka bayar?" Na ce ƙwarai kuwa, Sa'adu bin Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bin Aufu tayin rabin duk abin da ya mallaka.

Abin da ke damuna ya wuce batun suna. Martin ɗin da ake nuna wa yara an tsayar da shi a ƙofar Amiens yana saurayi, alhali abubuwan da suka fi nauyi a rayuwarsa a ƙasar Jamus ta yau suka faru, kuma da wuya ka ji an ambace su a filin wuta. A Worms, bakin Rayin, ana shirin yaƙi da ƙabilun da suka tsallako kogi, Kaisar Julian yana kiran sojoji ɗaya-ɗaya yana ba su kyautar kuɗi. Da aka zo kan Martin ya ƙi karɓa, ya ce shi sojan Almasihu ne, bai halatta gare shi ya yi yaƙi ba, a sallame shi. Julian ya ce tsoro ne. Martin ya ce to gobe a tsayar da shi a gaban sahu babu garkuwa babu kwalkwali. Aka tsare shi don a gwada, washegari abokan gaba suka aiko neman sulhu. Mutumin da ake sanya wa kayan soja duk shekara, da hannunsa ya tuɓe kayan nan.

Sai Trier, wajajen 385, yana dattijo kuma bishop. Wasu bishop-bishop na Sifaniya sun kai ƙarar wani malami mai suna Priscillian gaban Sarki Magnus Maximus bisa zargin bidi'a da sihiri, suna neman jininsa. Martin ba ya cikin mabiyansa. Duk da haka ya tsaya gaban sarki ya ce saɓanin aƙida a bar wa coci, iyakarta ta kori mutum daga cikinta, takobin sarki ba shi da hurumi a nan. Sarki ya yi masa alkawari, yana barin gari aka saɓa, aka fille kan Priscillian da wasu mabiyansa. Ana ƙirga shi a matsayin Kirista na farko da hukuma ta kashe bisa ƙarar 'yan'uwansa Kiristoci a kan aƙida. Da Martin ya dawo Trier sai ya ƙaurace wa bishop-bishop ɗin da suka jawo kisan, ya ƙi yin ibada tare da su. Bai sassauta ba sai da ya ga sarki zai tura jami'ai Sifaniya su farauci sauran mabiyan, sannan ya yarda ya tsaya da su sau ɗaya, da sharaɗin a janye jami'an. Sulpicius ya ce wannan tsayuwar ta ci masa rai ƙwarai, bai sake halartar taron bishop-bishop ba har ya mutu. Zauren fadar sarakunan Rum na Trier, wanda aka gina da jan bulo a zamanin Sarki Constantine, yana nan tsaye har yau, tun 1856 cocin Furotesta ne, kuma duk Nuwamba yaran birnin kan fito kan titi da fitilunsu, mai jar alkyabba yana gaba a kan doki.